Kyanwata tana cizon wutsiyarta, fatar bayanta tana rawa: wa ya taɓa gani?

Maman Sadiya, Aboabo (Talata, 8:40 na dare)
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, na san wannan zaure na cigiya ne da sanarwar suna da biki, amma abin ya ishe ni. Ga bidiyo nan na tura, Sadiya ce ta ɗauka jiya bayan magariba. Kyanwata ce, Lami, shekararta biyu da 'yan watanni. Tun tana 'yar mitsitsiya na tsince ta a bayan shagona a kasuwar Asawase, kuma mun sa mata Lami ne don ba ta cizo ba ta yakushi. Yaro ya ja kunnenta ma sai dai ta tashi ta bar masa wurin.

To yau wata huɗu ke nan da ta sauya. Tana kwance lafiya lau a kan tabarma, sai ka ga fatar bayanta, daga tsakiyar gadon baya zuwa gindin wutsiya, tana motsi ita kaɗai, kamar yadda saniya ke kaɗa fata in ƙuda ya sauka mata. Baƙin idonta ya buɗe ya cika idon. Sai ta waiwaya ta zuba wa wutsiyarta ido kamar ba tata ba, ta yi gurnani, ta kai mata cizo, ta kwasa da gudu ta bangaje bokiti ta shige ƙarƙashin gado. Kafin minti ɗaya ta fito tana lashe hannu kamar ba ita ba. A rana takan yi sau huɗu ko biyar, ya fi yawa da yamma. Yanzu bakin wutsiyar ya zama ciwo, gashin ya zube. Shekaranjiya ƙanen Sadiya ya shafa bayanta ta yakushe shi a hannu. Maigida ya ce in kai ta nesa in yar. Ni kuwa raina bai ba ni ba.

Hajiya Mai Goro
Wa alaikumus salam. 'Yata, na kalli bidiyon sau biyu. Wannan mussa ba ita kaɗai ba ce. Kin ga yadda take kallon bayanta? Abin da take gani ke ba ki gani. Tun muna yara ake hana mu dukan mussa da magariba. Ki turara mata habbatus sauda a ɗaki, ki daka tafarnuwa ki cuɗa mata a abinci kwana bakwai. In bai bari ba ki rabu da ita, kada abin ya dawo kan yara.

Ɗan Sawaba
Chale, Anti, kyanwar Lami ta koyi cizo ke nan 😂 Kada ki yar da ita a banza, masu cin Joseph, wato naman kyanwa, suna nan suna cigiya, har kuɗi za su tura miki a waya ta momo.

Maman Sadiya, Aboabo
Kai Ɗan Sawaba, Allah ya shirye ka. Kyanwar da ta tsare mini buhunan wake shekara biyu ɓera bai huda ko ɗaya ba, ita zan ba a sa a tukunya?

Baban Ikilima
Ciwon jiki ne kawai. Ki raba farasitamol gida huɗu ki ba ta kashi ɗaya safe da yamma. Sannan ki wanke ciwon wutsiyar da Dettol.

Anti Nas
Ku dakata tukuna, ni yaron ne ya dame ni. Maman Sadiya, an taɓa yi wa kyanwar allurar rigakafin haukan kare? Mutanenmu suna ɗauka kare ne kaɗai ke kawo shi, alhali kyanwa ma tana ɗauka tana bazawa, kuma ciwon yana nan a Ghana. Duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a tafi asibiti a faɗa musu. Ba a jiran alama, don in alama ta fito babu magani. Gobe da safe ki kai shi.

Maman Sadiya, Aboabo
Innalillahi. Anti Nas kin tayar mini da hankali. Ba a taɓa yi mata allura ba. Na dai wanke masa da sabulu a lokacin, amma ba minti 15 ba gaskiya.

Dakta (ɗan Yalwa)
Salamu alaikum. An yi ta tura mini wannan magana, yanzu na fito daga wurin aiki. Bari in fara da abin da ke kisa kafin abin da ke ba da haushi.

Baban Ikilima, don Allah ka goge saƙonka. Farasitamol guba ce ga kyanwa. Hantarta ba ta da sinadarin da ke sarrafa shi yadda tamu ke yi, ɓarin ƙwaya ɗaya ya isa ya lalata mata jini. Fuska ta kumbura, dasashi ya koma kalar ƙasa, numfashi ya gagara. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya, kuma duk masu kyanwar da kyakkyawar niyya suka ba ta. Dettol ma ba na jikin kyanwa ba ne, za ta lashe shi. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri ya wadatar a wanke ciwon.

Mma Hajiya, da girmanki, tafarnuwa da albasa suna fasa wa kyanwa ƙwayoyin jini. Kwana bakwai tana ci, za mu samu ciwo na biyu a kan na farko.

Maganar Anti Nas daidai ce, a kai yaron su duba. Sai dai Anti Maman Sadiya ki kwantar da hankalinki. Dabbar da haukan kare ya bayyana a jikinta ba ta wuce kwana goma da rai. Taki wata huɗu tana yi, tana ci tana sha tana kama ɓera. Wannan abin da ke cikin bidiyon ba shi ba ne. Amma a yi mata allurar, tunda tana fita waje.

Baban Ikilima
Na goge. Wallahi ban sani ba, na ga ana ba akuya ne.

Hajiya Mai Goro
To ɗana, kai da ka yi karatun, mene ne? Tunda ka ce ba wannan ba ba wancan ba.

Dakta (ɗan Yalwa)
Mma, ba zan sa wa ciwo suna ta waya ba. Amma abin da na gani ya yi kama da wani abu da muka karanta a Tech, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ana ce masa haifarestiziya. Ma'anarsa fata ta riƙa jin taɓi fiye da kima, abin da wata kyanwa za ta ji a matsayin shafa ita sai ta ji shi kamar an tsira mata allura. A 1980 aka fara rubuta bayaninsa a mujallar likitocin dabbobi ta Amurka. Yawanci yana farawa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar, kuma an fi ganinsa a irin kyanwoyin nan na ƙasar Siyam da Bama da Farisa, amma ta gida ma yana kama ta. Wannan rawar da fatar ke yi, wata siririyar tsoka ce shimfiɗe a ƙarƙashin fatar baya, ita ce ke harbawa.

Ɗan Sawaba
Haifar wa? Dakta ka ce ta haifi Estiziya? Yaushe ne suna, mu zo cin waakye?

Shugaban Zaure
Ɗan Sawaba, gargaɗi na farko.

Dakta (ɗan Yalwa)
Ƙyale shi Shugaba, ni ma sai da na yi sati kafin bakina ya iya faɗa.

Abin da nake so Anti ta gane shi ne wannan suna a ƙarshe ake sa shi. Babu gwajin jini ko hoto da zai nuna shi. Likitoci ma ba su haɗu a kan asalinsa ba. Wasu sun ce daga fata ne, wasu sun ce ciwon jijiya ne, wasu sun ce ɗan'uwan farfaɗiya ne, wasu sun ce damuwa ce ta zama ɗabi'a, kamar mutumin da ke cin farcensa har jini ya fito. Don haka sai an bi sauran abubuwan da ke kawo irin wannan an kore su ɗaya bayan ɗaya.

Na farkonsu, kuma wanda na fi zargi a gidajenmu na Zango, shi ne ƙuma. Akwai kyanwar da jikinta ba ya shiri da yawun ƙuma, cizo ɗaya ya isa ya hana ta sakat kwana da kwanaki, kuma daidai wurin nan na gindin wutsiya ne ya fi ci. Bayansa akwai makero, da abincin da bai karɓe ta ba, da ciwon ƙashin baya ko tsohon rauni a wutsiya, irin a ce ƙofa ta taɓa datse ta. Anti, me kike ba ta ta ci?

Maman Sadiya, Aboabo
Ƙuma kam babu, Dakta. Na bi gashinta da hannuna ban ga ko ɗaya ba, kuma gidana ba ƙazanta. Abinci kuwa kan amane da na salmon nake karɓo mata wurin mai kifi kullum, wani lokaci in cuɗa da ɗan banku. Ba ta cin komai sai shi.

Dakta (ɗan Yalwa)
Anti ba maganar ƙazanta ba ce, fadar sarki ma ƙuma na shiga in dai kyanwa tana fita. Kuma rashin gani ba hujja ba ne, kyanwa mai ƙaiƙayi tana lashe su ta haɗiye kafin ki gani. Ga gwajin da za ki yi yanzu: ki jiƙa farar takarda, ki tsayar da ita a kai, ki taje ta da ƙaramin mataji daga wuya zuwa kafaɗa, a hankali, kada ki kai bayan. In wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro suka zubo, ki jira kaɗan. In suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jininta ne da suka sha.

Maganar kifin ma ta ja hankalina. Kyanwar da ba ta cin komai sai kifi mai maiƙo takan rasa bitamin E, kitsen da ke ƙarƙashin fatarta ya kumbura ya yi rawaya, ko taɓa ta aka yi sai ta yi ƙara. Ban ce shi ne ba, amma sai an duba.

Maman Sadiya, Aboabo (10:05 na dare)
Subhanallahi. Sun yi ja. Takardar kamar an yayyafa mata ruwan goro. Na ji kunya wallahi.

Bari in faɗi gaskiya kuma. Satin da ya wuce na je wurin wani mai sayar da maganin dabbobi, ba zan faɗi shagon ba, ya ba ni wani ɗan ruwa a leda ya ce a ɗiga a ƙeya, na kare ne amma wai in sa rabi. Ban sa ba tukuna don Lami ba ta tsayawa.

Dakta (ɗan Yalwa)
Allah ne ya tsare. Ki duba jikin ledar, in kin ga an rubuta permethrin kada ya kusanci jikinta ko ɗigo ɗaya. Famitirin ɗin nan kare yana ɗauka lafiya, kyanwa kuwa karkarwa take kamawa da shiɗewa, da yawa ba sa tashi. Babu maganar rabi. Haka ruwan wankan tumaki da na kaska da mutanenmu ke saye lokacin layya. Maganin sauron fesawa ma da yawansu dangin wannan sinadari ne, in za ki fesa ki fitar da ita sai ɗaki ya sha iska. Akwai na kyanwa takanas, irin su fifronil da selamektin, a wurin likita za ki karɓa gwargwadon nauyinta.

Oga Fita, Moshie Zongo
Ni fa ku yi haƙuri in faɗi tawa. Awa biyu ana magana a kan kyanwa. A zauren nan jiya aka sa cigiyar taimako ga marayun da aka kora daga makaranta, mutum uku ne suka amsa. Yau kyanwa ta yi gudu a tsakar gida, likita ya fito, nas ta fito. Kuɗin da za a kashe a asibitin dabba ya ciyar da gida kwana nawa? Wannan rayuwar Turawa ce muke aro. Iyayenmu sun yi kiwon kyanwa, in ta haukace a kai ta bola, shi ke nan.

Malam na Sabon Zongo
Oga Fita, maganar marayu gaskiya ce, Allah ya ba mu ikon amsawa, ni ma ina cikin waɗanda suka yi shiru jiya. Amma tausayin kyanwa ba daga Turawa muka aro ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kan kowace hanta mai danshi akwai lada. Ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Ba a ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa, amma wadda ta yi wa Maman Sadiya gadin wake shekara biyu tana da hakki a kanta.

Hajiya kuma, addu'a ba ta hana magani. A karanta Falaƙi da Nasi a gida, wannan kullum alheri ne. Amma ba duk abin da ba mu gane ba ne aljani, kuma tsoron da muke sa wa mutane shi ke sa yara su bi dabba da jifa.

Hajiya Mai Goro
Allah ya gafarta Malam, na ji. Ni dai abin da na tarar na faɗa. Tafarnuwar na janye. Sauran kuma muna nan muna kallo.

Oga Fita, Moshie Zongo
Malam na karɓi hadisi. Lambar momo ta marayun dai tana sama, kowa ya duba.

Anti Bronx (Laraba, 3:12 na dare)
Ku yi haƙuri da lokaci, nan yanzu na taso daga aiki. Maman Sadiya ƙanwata, da na ga bidiyonki sai da na ajiye cokali, don kamar a ɗakina aka ɗauka. Muzuruna yana da wannan ciwon yau shekara huɗu. Kuma a hawa na shida muke, bai taɓa taka ƙasa ba, don haka ko an kashe ƙuma kada ki yi mamaki in abin bai tafi duka ba. Nawa an yi masa gwajin jini, an ɗauki hoton baya, an sauya masa abinci sati takwas cur ba ya cin komai sai abu ɗaya, duk ba a ga komai ba. Sai a lokacin likitar ta kira sunan da Dakta ya faɗa.

Abin da na koya, ba daga likita kaɗai ba, daga zama da shi. Hannuna ba ya wuce kafaɗarsa. Kai, haɓa, bayan kunne, nan ne nasa. Duk baƙon da ya shigo kafin ya zauna nake faɗa masa, har yarana suna mini dariya wai na fi jami'in filin jirgi. In abin ya taso ba na kama shi, ba na tsawa, ba na cewa sannu ma. Farkon lamarin rungume shi nake yi don tausayi, ga tabon nan a hannuna har yau. A lokacin ba ya gane ki, ba mugunta ba ce.

Da sannu za ki fara gane shi kafin ya zo. Nawa kunnensa ne ke fara juyawa baya, sai bakin wutsiya ya fara bugun ƙasa, tak, tak, tak. In na ga haka sai in ja igiya mai gashin kaza a gabansa, sau da yawa hankalinsa ya koma can abin ya wuce. In ya riga ya kama shi kuwa sai in kashe talabijin in bar shi.

Kuma ki sayi ɗan littafi. Rana, lokaci, sakan nawa ya yi, me ya faru kafin nan. Ni littafin ne ya nuna mini ranakun da nake aikin dare, abincinsa ya makara, su ne ranakun da ya fi yi. Da baki da na rantse babu ruwan abinci.

Maman Sadiya, Aboabo
Yaya Allah ya saka da alheri, kin sa na ji ba ni kaɗai ba ce. To ya warke yanzu? Maigida ya ce in ba za a yar da ita ba a yanke wutsiyar kowa ya huta.

Anti Bronx
Bai warke ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Daga sau shida a rana ya koma sau ɗaya ko biyu a sati, wani satin ma babu. Yana shan wani magani, gabafentin, safe da dare. Ya yi ƙiba, yana wasa, yana hawa kan firij. Wutsiya kuwa ni ma na roƙa a yanke, likitar ta ƙi. Ta ce ciwon ba a wutsiyar yake zaune ba, in an yanke da yawa dungun suke komawa ci.

Dakta (ɗan Yalwa)
Anti Bronx ta gama magana. Ba a yanke wutsiya sai in naman ya mutu babu yadda za a yi. Anti Maman Sadiya, ki kai ta asibitin dabbobi na gwamnati ko na makarantarmu a Tech, duk wanda ya fi miki sauƙi. Ki sa ta a kwando mai murfi ki rufa zane, kada ki riƙe ta a hannu cikin trotro, motar haya. Ki tafi da bidiyon, don a gaban likita ba za ta yi ba, haka suke.

Baban Ikilima
Wannan gabafentin ɗin ai akwai shi a kemis, tsohuwata tana sha don ciwon ƙafa. Ba sai a saya kawai ba?

Dakta (ɗan Yalwa)
Kai Baban Ikilima ba ka gajiya 😄 Ƙwayar tsohuwa an auna ta ne da jikin mutum, kyanwa kilo uku ce ko huɗu. Kuma ta ƙoda yake fita, sai an san lafiyar ƙodar. Yana sa barci da tangaɗi a farko. Wata kyanwar ma ba shi ne nata ba, in damuwa ce ta fi yawa akan ba da fuluwoksetin, shi kuma sai ya yi sati huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa. In ya fi kama da farfaɗiya akwai fenobabital. Zaɓin na wanda ya taɓa kyanwar da hannunsa ne.

Maman Sadiya, Aboabo (Juma'a)
Mun je jiya. Yaron ma an duba shi ranar Laraba, Anti Nas na gode. Lami an yi mata allurar haukan kare, an ɗiga mata maganin ƙuma, za a maimaita duk wata har wata uku. Likitan ya ce waɗanda ke jikinta kaɗan ne, ƙwai da 'ya'yan suna cikin tabarma da tsagar siminti, don haka na kwashe komai na wanke na shanya a rana. An sa mata wata roba a wuya kamar mazurari don kada bakinta ya kai wutsiya. Tana tafiya da baya da baya tana karo da bango, yara suna dariya, ni ina hawaye. Kifi kuma an ce in rage, in haɗa da kaza da abincinsu na leda. Kwana ɗaya ta yi tana fushi da kwanon.

Maman Sadiya, Aboabo (bayan wata uku)
Salamu alaikum. Masu tambayata a kasuwa labarin Lami, ga shi a nan gaba ɗaya.

Bayan maganin ƙuma gashi ya fito, ciwon wutsiya ya rufe, an cire mazurarin a sati na uku. Abin ya ragu amma bai tafi ba, ya tsaya a sau biyu a rana. Littafin da Yaya ta Bronx ta ce in saya, Sadiya ce ke rubutawa, kuma shi ya tona asiri. Kusan duka tsakanin la'asar sakaliya da isha ne. Muka zauna muka lura, ashe lokacin ne wani jan muzuru na gidan baya yake hawa katangarmu ya zauna daidai tagar ɗakina yana kallonta. Kuma wata bakwai da suka wuce ne masu shi suka tare a gidan, daidai lokacin da abin ya fara. Ni ina neman aljani, ashe maƙwabci ne. Na sa labule mai kauri a tagar, ina shigar da ita ɗaki kafin la'asar, Sadiya ta yi mata wasa da igiya kafin a ba ta abinci.

Da muka koma likitan ya duba littafin ya ce yanzu ne zai iya kiran sunan, ya ɗora ta a kan gabafentin. Satin farko tana tafiya kamar ta sha burkutu, na tsorata na kira shi, ya rage. Wannan satin sau biyu kacal ta yi, na yau da asuba sakan 20. Maigida da ya ce a yar da ita, jiya na kama shi yana gaya wa baƙonsa kada ya taɓa mata baya.

Hajiya Mai Goro
Alhamdu lillahi. Amma jan muzurun nan da ke zuwa daidai magariba ya zauna yana kallo, ni dai ban ce komai ba.

Ɗan Sawaba
Mma ai neman aure ya zo, ba a karɓi goronsa ba ne 😂

Dakta (ɗan Yalwa)
Ɗan Sawaba yau ka yi magana mai amfani ba da niyya ba. Anti, Lami ba a yi mata aikin hana haihuwa ba, ko? Ki tayar da maganar in kun koma, zai rage zaryar muzurai a katangarki.

Maman Sadiya, Aboabo
Ba a yi ba. Zan tambaya. Dakta, maganin saura na kwana shida, kuma tunda ta samu sauƙi ina tunanin in ya ƙare in bar shi haka in gani. Ba shi da araha, ga ba ta shi ma yaƙi ne, ta gane dabarar ɓoyewa a kan kifi, sai ta cinye kifin ta tofo maganin.

Dakta (ɗan Yalwa)
A'a Anti, ba a yanke shi farat ɗaya, abin zai iya dawowa da ƙarfi. In za a daina a hankali ake ragewa, kuma likitanku ne zai tsara. Ki koma Litinin tun bai ƙare ba, ki tafi da littafin, ki faɗa masa maganar kuɗin ma kada ki ji nauyi.

Anti Bronx
Ki tambaye shi ko za ki iya buɗe kafsol ɗin ki juye garin a ɗan abinci mai laushi, cokali ɗaya kawai, tun tana jin yunwa, sannan ki ba ta sauran. In kin zuba a cikakken kwano za ta ci rabi ta bar miki rabi.

Oga Fita, Moshie Zongo
Maman Sadiya, in Litinin ɗin da safe ne ki tsaya a bakin titin Aboabo ƙarfe bakwai, zan kai mota Oforikrom, sai in sauke ku. Amma kwandon a baya zai zauna.